Matan Yumɓu: Wa Ya Raɗa Musu Suna?

Laccar da aka gabatar a taron Hausawa mazauna unguwar Gurda, birnin Sabha, yankin Fezzan na ƙasar Libiya

 

  

Batun da aka ɗora mini shi ne siffofin mata na gasasshen yumɓu da ake tonowa a ƙasar Indiya, waɗanda littattafai da gidajen tarihi suka saba kira "uwa abar bauta". Na tabbata akwai mai cewa a ransa: me ya haɗa Bahaushe Musulmi da ke ci-rani a Sabha da gumakan Indiyawa? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta biyu ce.

Ta farko, malamanmu sun riga mu shiga wannan fage. Abu Raihan al-Biruni ya koyi Sanskrit, harshen littattafan Hindu, ya rubuta littafi sukutum a kan Indiya wajen shekarar 1030, har da babi a kan gumakansu da yadda ake auna su wajen ƙira. Kafin shi da kusan shekara 200, Hisham ibn al-Kalbi ya tattara labarin gumakan Larabawan jahiliyya a littafinsa Kitabul Asnam. Alƙur'ani mai girma da kansa ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, ya kuma yi ta kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba ƙarshen waɗanda suka gabace su. Sanin abu daban, bauta masa daban.

Ta biyu, ƙasar da muke zaune a kanta yau da ƙasar da muka baro duk cike suke da irin waɗannan kaya. Tambayar da ake yi a kan matan yumɓu na Indiya ita ce ake yi a kan na Nok da na Sakkwato da na Katsina, da zanen duwatsun Fezzan. Abin da nake so mu tashi da shi kuwa guda ne: mutum-mutumin yumɓu ba ya faɗin sunansa. Babban mai ba da shaida a kansa shi ne wurin da aka same shi kwance, kuma duk wanda ya cire shi daga wurin ba tare da an rubuta ba, ya kashe mai shaidar.

ABIN DA AKA TONO A KWARIN INDUS

A shekarar 1921 Daya Ram Sahni ya fara tono a kufan Harappa, a 1922 kuma R. D. Banerji ya fara a Mohenjo-daro. Wuraren biyu yau suna cikin Pakistan, amma a lokacin duk ƙasar Indiya ce a ƙarƙashin Turawan Ingila. Abin da ya fito ya girgiza masana: birane ne na jan bulo, da tituna miƙaƙƙu, da rijiyoyi da magudanan ruwa, waɗanda suka bunƙasa tsakanin 2600 da 1900 kafin Miladiyya. A 1924 John Marshall, shugaban hukumar binciken kufai ta Indiya, ya sanar wa duniya.

Cikin kayan da aka samu akwai ƙananan siffofin mata na gasasshen yumɓu masu ɗimbin yawa, galibinsu ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Da hannu aka yi su. An matse hancin da yatsu biyu, an manna 'yan ƙwallayen laka a matsayin idanu. Wuyansu cike da sarƙoƙi, ƙugunsu ɗaure da ɗamara mai faɗi a kan ɗan guntun zane, kansu ɗauke da ado mai kama da buɗaɗɗen mafici. Wasu suna da 'yan kofuna biyu a gefen kai, kuma a cikin wasu kofunan an ga baƙin kunkunniya, abin da ya sa aka yi zaton an kunna mai ko turare a ciki.

Sana'ar ta girmi biranen nesa ba kusa ba. A Mehrgarh, cikin Balucistan, inda ayarin Faransawa ƙarƙashin Jean-François Jarrige ya fara aiki a 1974, an sami siffofin laka da suka haura shekara 7,000. Na farko-farkon ba a ma gasa su ba, kuma sai can daga baya siffofin maza suka fara bayyana a cikinsu.

Bayan biranen Indus sun mutu, hannun magina bai tsaya ba. A Mathura, zamanin daular Maurya, wato daga wajen 322 zuwa 185 kafin Miladiyya, an yi mata na toka-tokan yumɓu: fuskar a danna ta cikin abin zubi, jikin kuwa a gina shi da hannu. A zamanin Shunga da ya biyo baya sai aka koma zuba siffar gaba ɗaya a kan falle guda. A Chandraketugarh da Tamluk na yankin Bengal an sami mata masu ado na ƙasaita, wasunsu da tsinken kitso biyar masu siffar makamai soke a gashinsu.

WANDA YA RAƊA SUNAN

A 1931 Marshall ya fitar da littafinsa mai juzu'i uku a kan Mohenjo-daro. A ciki ne ya ce yawancin waɗannan mata siffar wata babbar uwa ce da mutanen Indus ke bautawa. Sunan ya kama, har yau shi yara ke karantawa a makarantu.

To, daga ina ya samo shi? Ba daga rubutun mutanen Indus ba, domin suna da rubutu a kan hatimansu, amma har yanzu ba a warware shi ba. Daga wuri biyu ya samo. Na farko, tunanin da ke yawo a Turai a zamaninsa. Tun 1861 wani masani ɗan Suwizalan, Johann Bachofen, ya yaɗa ra'ayin cewa 'yan Adam sun fara da mulkin uwaye da bautar uwa. Arthur Evans ya tono siffofin mata a tsibirin Kirit ya kira su da wannan suna. Saboda haka lokacin da Marshall ya ga nasa matan, sunan yana aljihunsa tuntuni. Na biyu, abin da ya gani da idonsa a ƙauyukan Indiya, inda kusan kowane gari ke da uwar da yake kai wa hadaya. Sai ya ja zare daga yau zuwa shekara 4,000 baya, ya ce abu ɗaya ne.

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. A shekarun 1960 Peter Ucko ya yi nazarin irin waɗannan siffofi na Masar da Kirit, ya nuna cewa ɗan mutum-mutumi na iya zama abin wasan yara, ko abin koyar da budurwa, ko kayan magani, ko abin rakiyar gawa. A Çatalhöyük ta ƙasar Turkiyya, James Mellaart ya tono wata mace mai jiki zaune tsakanin namun daji biyu a 1961, duniya ta ɗauka an gano hedikwatar bautar uwa. Da Ian Hodder ya koma wurin daga 1993, ya tankaɗe ƙasa ya ƙirga komai, sai ga shi mafi yawan siffofin na dabbobi ne, kuma a juji aka zubar da akasarinsu.

Haka ta faru a Harappa. Sharri Clark ta bi dubban gutsattsarin siffofin da aka tono a can ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu a karye suke, cikin shara da cikon gini. Masu goyo ko juna biyu 'yan kaɗan ne. Akwai maza, akwai shanu da karnuka da tsuntsaye da 'yan amalanke. Akwai matan da aka nuna suna niƙa ko kwaɓa gari. Sannan a wasu garuruwan Indus ɗin, kamar Kalibangan da Lothal, siffofin mata ba su da yawa ko kaɗan. In da uwa ɗaya ce kowa ke bautawa, da an gan ta ko'ina.

Mu Musulmi bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Hadisi ingantacce ya nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su da ƙawayenta a gidan Manzon Allah. Kuma wane ne a cikinmu bai ga yara a bakin tafki suna gina shanu da dawaki da laka ba? A Daima ta ƙasar Barno, inda Graham Connah ya yi tono a tsakiyar shekarun 1960, an sami 'yan dabbobin laka irin waɗannan rututu. Ba kowace siffa ce gunki ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Mai yiwuwa ne ƙwarai wasu daga matan Indus kayan ibadarsu ne, musamman masu kunkunniya a ka. Abin da masana suka dawo daga rakiyarsa shi ne tara su duka a raɗa musu suna ɗaya, kamar wanda ya tsinci jarirai goma a garuruwa goma ya ce duk sunansu Binta.

INDA SUNAN YA TABBATA

Akwai inda ba a gardama a Indiya, wato inda masu abin ke raye suna magana da bakinsu. Tun wajen ƙarni na 5 ko na 6 aka rubuta littafin Devi Mahatmya, wanda ya ba da labarin Durga mai hannaye da yawa da ta kashe aljani mai siffar ɓauna. Masu kallon finafinan Indiya a cikinmu, kuma na san ba kaɗan ba ne, sun sha ganin ta a kan zaki.

A unguwar Kumartuli ta birnin Kolkata, magina na fara aiki watanni kafin bikinta. Su kafa ƙashin gora, su naɗa ciyawa su ɗaure ta fito da siffar jiki, su shafa lakar kogi hawa-hawa, su bar ta ta bushe, sannan su yi fenti. Idanu ne ake zanawa da wata ƙa'ida ta musamman. Ba a gasa wannan siffa. In kwanakin biki sun cika sai a ɗauke ta da kiɗa a kai ta kogi a nutsar, lakar ta koma inda ta fito. A 2021 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun duniya. A ƙauyen Molela na jihar Rajasthan kuwa, magina na cuɗa yumɓu da kashin jaki su yi faifai masu siffar ababen bautarsu, su gasa, mutanen ƙabilar Bhil su taso daga nesa su saya.

Ku lura da darasin da ke nan. Babbar siffar da miliyoyin mutane ke taruwa dominta narkewa take yi, ba ta barin ko alama. Wanda zai tono Kolkata bayan shekara 3,000 ba zai same ta ba, sai dai ya sami 'yan tsanar yara da kofunan shayi na laka. Abin da ƙasa ta ajiye ba lallai ne ya zama abin da mutane suka fi girmamawa ba.

A NAN FEZZAN

Mu dawo gida kusa. A shekarar 1850, Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Murzuƙ zai tafi Gat, a kan hanyar da ta kai shi Agadas da Katsina da Kano. A wani kwari na tsaunin Masak ya ga an sassaƙa wasu halittu biyu masu jikin mutum da kan dabba, da sa a tsakaninsu. Barth ya yi karatun Girkanci mai zurfi, saboda haka nan take ya ga allolin Girkawa, Apollo da Hermes, suna jayayya a kan shanu. Shekara ɗari bayansa, Bafaranshe Henri Lhote ya shiga Tassili, can tsallaken iyakar Aljeriya, a 1956. Ya ga wani ƙaton zane mai mulmulallen kai a Jabbaren ya kira shi babban ubangijin mutanen duniyar Mars. Ya ga mace mai ƙaho a Aouanrhet ya danganta ta da Isis ta Masar. Kowa da abin da ya karanta yake gani a jikin dutse.

Yanzu ku kwatanta da aikin da aka yi a tsanake. A Takarkori, wata inuwar dutse a tsaunin Akakus, masanan Italiya da na Libiya ƙarƙashin Savino di Lernia sun yi tono tsakanin 2003 da 2006. Sun sami kaburbura 15, galibinsu na mata da yara. Sun kwashi tsingaron tukwane, kowane da lambarsa da zurfin da aka same shi. Da aka kai ɗakin gwaji a Ingila, sai aka gano maiƙon madara a jikin tsingaron, aka buga sakamakon a 2012: shekara 7,000 da suka wuce, lokacin da wannan hamada take da tafkuna da ciyawa, mutanen wurin suna tatsar dabbobi suna sarrafa nono a tukunya. Wannan na cikin shaidu mafi tsufa a Afirka. Fasasshiyar tukunyar da ba mai sayenta ko da dinari ɗaya ta faɗi abin da zane mai suna Apollo bai faɗa ba, don kawai an san inda take kwance.

A Jarma, kimanin kilomita 150 yamma da Sabha, nan ne babban birnin Garamantawa, mutanen da Herodotus ya ambata tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Su ne suka haƙa dogayen hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira fogara, suka noma alkama da dabino da inabi a tsakiyar rairayi. Muhammad Ayyub ya yi tono a can a shekarun 1960, haka Charles Daniels, sannan David Mattingly daga 1997. Kaburburansu sun kai dubun dubata, kuma a gaban da yawa akwai dutse a tsaye mai siffar hannu ko ƙaho, da wani faffaɗan dutse mai ramuka na zuba abinci da abin sha. Wannan ya nuna a sarari cewa suna ziyartar matattunsu da hadaya, kuma mun san haka ne domin an sami kayan a mazauninsu.

SIFFA BABU SUNA, SUNA BABU SIFFA

A ƙasarmu abin ya rabu gida biyu, kuma nan ne nake so ku ba ni hankalinku.

Gida na farko, siffa babu suna. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani kan yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau. Wajen 1943 aka kawo wa Bernard Fagg wani kan daga Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doya don korar ɓarna. Fagg ya ga hannu ɗaya ne, ya sa wa al'adar sunan ƙauyen, ya kuma kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Daga 2005 masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt, Peter Breunig da Nicole Rupp, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka zauna a Janjala suna bincike. Sun nuna cewa mutanen Nok sun zauna a yankin tun wajen 1500 kafin Miladiyya, sun fara gina siffofin wajen 900, suna noman gero da wake, suna cin zuma, daga baya kuma suna narka tama.

Siffofin Nok akwai maza akwai mata. Kamar tukunya ake gina su, a murza laka a ɗora zobe kan zobe, ciki holoƙo. Idanun kusurwa uku ne da huda a tsakiya. Matan na ɗauke da kitso iri-iri, da tsakiya jibge a wuya, da jigida da warwaro. A 'yan wuraren da masana suka riga ɓarayi isa, an tarar da siffofin a farfashe, an tara gutsattsarin cikin ramuka kusa da jerin duwatsu da ake kyautata zaton kaburbura ne. Wannan ya karkata hankali zuwa ga jana'iza da tuna magabata, ba bautar wata uwa ba.

Akwai kuma waɗanda 'yan kasuwar kayan tarihi ke kira na Sakkwato, masu nauyin gira, da na Katsina, waɗanda sau da yawa mutum ne zaune a kan mulmulalliyar tukunya. Daga ƙasar Hausa tsantsa suka fito, amma kusan dukkansu ta hannun masu haƙar sata suka isa Turai. Ga su nan a gilashi a Faris da Burasal, kyawawa, bebaye.

Gida na biyu, suna babu siffa. Kakanninmu kafin Musulunci ya game ƙasa suna da wadda suke kira Inna, uwar iskoki, wasu su ce Doguwa, wasu su ce Uwar Gona. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya rubuta bayaninta, Guy Nicolas ya yi haka a ƙasar Maraɗi, A. J. N. Tremearne kuma ya tarar da bori a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus, ya fitar da littafinsa a 1914. Ke nan Inna ta ratsa wannan hamada tare da fatake da bayi, ta hanyoyin da muke bi yau. Amma abin da ya fi fitowa a bayanan nan shi ne bishiya, tsamiya ko kuka, da dutse, da dabbar yanka, da mutumin da iska ke hawa, wanda 'yan bori ke kira doki ko goɗiya. Ko Tsumburbura ta Dala, Tarihin Kano cewa ya yi bishiya ce aka kewaye da katanga, Barbushe kaɗai ke shiga.

A Gobir, Inna sarauta ce ta mace daga gidan sarki, ita ke shugabantar 'yan bori, kuma har yau akwai ta a Tsibiri, kamar yadda ake da Iya a Maraɗi. Bayan jihadin 1804, Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajjaji masu kai karatu ga matan ƙauye, ta ɗora musu malfa irin ta Inna. Ta bar wa mata alamar shugabancin da suka sani, ta canja abin da ke ƙarƙashinta.

To ga jarrabawar. Wata rana wani zai ɗauki macen Nok ko ta Katsina ya ce ga Inna nan. Zai yi daɗin ji, jaridu za su ɗauka. Amma tsakanin maginan Nok da Maguzawan da Greenberg ya zanta da su akwai shekara fiye da 2,000. Kuskuren Marshall ke nan za a maimaita da bakin Hausa. Gadar da za ta haɗa su, in akwai ta, a cikin ƙasa take, a wuraren da ba a riga an birkita ba.

YADDA AKE KASHE SHAIDA

A 1975 aka gano makabartar Bura a yammacin Nijar. Boubé Gado na cibiyar bincike ta Yamai ya tone ta a 1983, ya sami ɗaruruwan tukwanen jana'iza masu kawunan mutane, har da mahayin doki. Da aka nuna kayan a Faransa a farkon shekarun 1990, sai farashinsu ya tashi, masu haƙa suka far wa yankin. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, Nok da Sakkwato da Katsina da Bura duk suna ciki. A wannan shekarar aka baje siffofin Nok a gidan tarihi na Louvre, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. A nan Libiya, a watan Afrilu na 2009 wani ya fesa fenti a kan zanen Akakus a wurare da dama, wurin da ke cikin jerin kayan gadon duniya tun 1985, kuma a 2016 aka sa shi cikin waɗanda ke fuskantar barazana.

Ba na zagin talakan da ya haƙa. Yunwa ba ta san tarihi ba. Amma a duba rabon: manomi ya karɓi kuɗin buhun gero, dillali a Turai ya karɓi kuɗin gida, ƙauyen kuwa ya rasa labarin kakanninsa har abada. Ko an dawo da mutum-mutumin, ramin da aka birkita ba ya dawowa. Gawayin da za a auna a san shekaru, ƙwayar hatsin da ke gefe, ƙashin da ke ƙasa, duk an watsar.

Jama'a, mu ne masu bin hamada. Cikinmu akwai direbobin Agadas da Dirku da Gatrun, akwai waɗanda suka je haƙar zinariya a Jado tun da aka gano ta a 2014, akwai masu aikin gona a kwarin Jarma da Ubari. Ƙafarmu na taka abin da masana ke shekaru ba su kai gare shi ba. Saboda haka ina roƙon abu huɗu.

In ka ga tsingaro mai zane, ko dutsen niƙa, ko kan kibiya, ko mutum-mutumi, ka bar shi inda yake. Ka ɗauki hotonsa da waya, ka riƙe alamar wurin, ka sanar da hukumar kayan tarihi ko malaman tarihi na Jami'ar Sabha, in kuma a gida ne, gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano ko na Yamai.

Kada ka yarda a ba ka irin waɗannan kaya ka tsallaka da su iyaka. Dokar Libiya da ta Nijar da ta Najeriya duk sun hana, kuma mai ɗauka ake kamawa, ba mai aike ba.

Kada ka fasa, kada ka rubuta sunanka a kan zanen dutse. Babu mai bauta wa waɗannan abubuwa yau. Sahabbai sun shiga Masar, malamai sun yi ƙarnuka a cikinta, kuma ga kayan Fir'auna nan sun zama abin lura ga masu hankali.

Na ƙarshe gare ku ne, iyayena mata da ɗalibai. Ku zauna da tsofaffi ku rubuta abin da suka sani na ginin tukwane, da sunayen kitso, da labarin garuruwan da aka tashi. Yaran da ke da ƙwazo kuma a ƙarfafa musu su karanci ilimin binciken kufai, akwai shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai a Yamai. Muddin wasu ne ke tono su rubuta, su ne za su ci gaba da raɗa wa kayanmu suna da abin da ke cikin kawunansu.

Shugaban taro, a nan zan dasa aya don a sami lokacin tambayoyi. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya tsare imaninmu, ya ba Libiya da ƙasashenmu zaman lafiya, ya mai da kowa gida lafiya da abin alheri.